ƘAUYEN EYAM DA FASTOCINSA BIYU

A lokacin biki irin wannan akan buɗe tsofaffin littattafan ikilisiya, a karanta sunayen waɗanda suka riga mu. Domin haka muka ga ya dace mu kawo maku tarihin wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Ingila, wanda rajistar majami'arsa ce ta sa duniya ta san shi, watau littafin nan da fasto yake rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma, da waɗanda aka ɗaura wa aure, da waɗanda aka binne. Cikin wata 14, daga Satumba 1665 zuwa Nuwamba 1666, an rubuta sunan mutum wajen 260 da annoba ta kashe a wannan littafi. Sunan ƙauyen Eyam, amma mutanen wurin "Iim" suke furta shi.

WURIN DA MUTANENSA

Eyam tana cikin gundumar Derbyshire, ƙasar tuddai da duwatsu da sanyi. Babban birnin da ya fi kusa da ita shi ne Sheffield, bai kai mil 15 ba, Landan kuwa tana can kudu wajen mil 150. Gidajen na dutse ne, a jere bakin wata doguwar hanya, majami'a tana tsakiya. Ƙasar ba ta da albarkar noma sosai, saboda haka mutanen suka dogara ga kiwon tumaki da haƙar dalma, wadda tun zamanin Romawa ake haƙarta a waɗannan tuddai.

Bishara ta daɗe a wurin. A harabar majami'a akwai wani gicciyen dutse da aka sassaƙa tun wajen ƙarni na 8 ko na 9, yana nan tsaye har yau. A shekara ta 1086, da Sarki William ya sa aka ƙirga ƙasar Ingila domin haraji, sunan ƙauyen ya fito cikin littafin ƙirgar. Game da yawan jama'a a lokacin annobar, William Wood, ɗan garin da ya rubuta tarihinsa a 1842, ya ce mutum 350 ne. Masana na baya da suka bi rajista da takardun haraji sun ce sun kai 700 ko 800.

IKILISIYA A RABE

Kafin annoba ta zo, wani ciwo ya riga ya shiga garin, kuma in ba a san wannan ba, ba za a gane sauran labarin ba.

A 1642 yaƙin basasa ya tashi a Ingila tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa, batun addini kuwa yana tsakiyar faɗan. Akwai masu son Ikilisiyar Ingila ta zauna da bishop-bishop da Littafin Addu'a da tufafin limamai. Akwai kuma waɗanda ake kira Furitan, masu cewa a share duk abin da ba a umurta cikin Littafi Mai Tsarki ba. Da ɓangaren Majalisa ya yi ƙarfi, sai aka cire faston Eyam, Shoreland Adams, mai goyon bayan Sarki, aka sa Thomas Stanley, ɗan Furitan, a 1644. An sare kan Sarki a 1649. Stanley ya yi shekara 16 yana kiwon wannan garke, ya yi wa 'ya'yansu baftisma, ya binne iyayensu, har ya zama nasu.

A 1660 sarauta ta dawo hannun Charles na Biyu, aka mayar wa Adams kujerarsa. A 1662 kuma aka kafa doka cewa kowane fasto sai ya amince da dukan abin da ke cikin Littafin Addu'a a gaban jama'a, in ya ƙi ya bar aiki. Fastoci wajen 2,000 suka ƙi, suka rasa albashi da gida, Stanley yana cikinsu. Da Adams ya rasu a 1664, aka aiko da wani saurayi mai suna William Mompesson, wanda bai kai shekara 30 ba, tare da matarsa Catherine da 'ya'yansu ƙanana biyu, George da Elizabeth.

To, ga yadda garin yake a 1665. Sabon fasto yana da muƙami da doka a bayansa, amma baƙo ne. Tsohon fasto ba shi da izinin hawa bagadi, amma yana zaune cikin garin, zuciyar mutane da yawa kuwa tana wurinsa. A wannan shekarar ma aka ƙara wata doka mai hana korarrun fastoci zama kusa da mil 5 daga inda suka yi aiki. Duk wanda ya taɓa zama a ikilisiyar da tsohon fasto da sabo suke gari ɗaya, ya san irin maganganun da ake yi a bayan gida da kan hanyar rijiya. Balle a ce tsohon korarsa aka yi.

DILAR YADI DAGA LANDAN

A 1665 annoba ta faɗa wa Landan, ta kashe mutum wajen 100,000. Cutar takan fara da zazzaɓi da ciwon kai da amai, sa'an nan kaluluwa ta fito a matsematsi ko hamata ko wuya, fata ta yi tabo baƙi. Yawanci cikin mako guda mutum ya tafi.

Wajen ƙarshen Agusta aka kawo wa telan Eyam, Alexander Hadfield, ƙunshin yadi daga Landan. Bisa ga labarin da mutanen garin suka riƙe, mataimakinsa George Viccars ne ya kwance ƙunshin, ya tarar yadin ya yi laima, ya shanya shi kusa da wuta. An binne Viccars ran 7 ga Satumba 1665. Bayan mako biyu ƙaramin yaron gidan, Edward Cooper, ɗan matar telan daga mijinta na fari, ya bi shi. Sai maƙwabta. Gidan Thorpe mutum 9 ne, ba wanda ya ragu a ƙarshe. Zuwa ƙarshen Disamba mutum 42 sun mutu.

Masu hali ba su tsaya ba. Iyalai masu dukiya da dangi a wasu garuruwa suka rufe gidajensu suka tafi tun ƙofa tana buɗe. Waɗanda suka ragu yawancinsu talakawa ne, 'yan haƙar dalma da makiyaya, waɗanda barin gari a gare su barin abinci ne. Muna so a riƙe wannan, gama in ana yabon jaruntakar Eyam akan manta cewa wasu sun zauna ne domin ba su da wurin zuwa.

Da sanyi ya yi tsanani cutar ta lafa, har a watan Mayu 1666 mutum kaɗan ƙwarai suka mutu, jama'a suka fara cewa an tsira. Amma da zafi ya shigo a watan Yuni, sai ta tashi da ƙarfin da ya fi na da. Mutane suka fara ɗaure kaya.

SHAWARAR DA AKA YANKE

A nan ne Mompesson ya yi abin da ya sa muke rubuta wannan tarihi. Ya gane cewa in jama'a suka watse, za su kai cutar Sheffield da Bakewell da sauran garuruwa. Ya kuma gane cewa shi kaɗai maganarsa ba za ta tsayar da su ba. Sai shi da Stanley suka haɗa kai. Mutum biyun nan ba su yarda da juna ba a kan yadda za a yi sujada, ɗaya yana zaune a kujerar da ɗayan ya rasa, kuma a idon doka bai kamata Stanley ya kasance cikin garin ba ma. Duk da haka murya ɗaya jama'a suka ji daga bakinsu.

An shirya cewa ba za a ƙara kai gawa makabartar majami'a ba, kowane gida ya binne nasa da sauri, a gona ko a bayan gida. Aka rufe majami'a, aka mayar da sujada waje, a wani kwari mai suna Cucklett Delph, inda fasto yake tsayawa a kan dutse, iyalai kuma su tsaya nesa da juna a kan gangare. Mu da muka ga an rufe majami'u a 2020 saboda korona mun ɗanɗana kaɗan daga wannan, amma batun binnewa ya fi nauyi. Ga mutumin wancan zamani, a sa uwarsa a rami a bayan gida, ba fasto, ba ƙararrawa, nesa da kakanninta, abu ne mai ɗaci ƙwarai.

Abu mafi wuya shi ne na ƙarshe. Aka shata iyaka kewaye da garin, ba mai fita, ba mai shiga, sai cutar ta ƙare.

Garin da ba ya noma abin da zai ci ba zai iya rufe kansa ba sai da taimako. Mompesson ya rubuta wa babban basaraken yankin, mai sarautar Earl na Devonshire, wanda gidansa yake Chatsworth, 'yan mil kaɗan daga wurin, shi kuwa ya ɗauki nauyin aiko da abinci da magani. Mutanen ƙauyukan kewaye sukan ajiye kaya a wuraren da aka sa alama, su koma, sa'an nan mutanen Eyam su zo su ɗauka. A kan hanyar Stoney Middleton, ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, akwai wani dutse da aka huda ramuka 6 a kansa. A ciki ake zuba ruwan tsami a jefa kuɗi, domin sun gaskata tsamin yana kashe cutar. A arewacin garin kuma akwai wata rijiya inda ake yin haka da ruwa mai gudu, ana kiranta Rijiyar Mompesson har yanzu.

Mompesson ya aika da 'ya'yansa biyu wurin dangi a Yorkshire kafin a rufe iyaka. Ya roƙi matarsa ta bi su, ta ƙi. Catherine ba mai lafiya ba ce, tana fama da ciwon ƙirji tun da, amma ta zauna tana bin gidajen marasa lafiya tare da mijinta. Stanley kuma, ban da ziyara da addu'a, yana rubuta wa masu mutuwa wasiyya, tun da yawancinsu ba su iya rubutu ba.

WATAN AGUSTA

A watan Yuli mutum fiye da 50 suka mutu. A watan Agusta fiye da 70. Telan nan Hadfield ya mutu a farkon watan, matarsa Mary ta ragu bayan ta rasa dangi 13.

A gefen gari, a wata gona da ake kira Riley, akwai gidan Hancock. Ran 3 ga Agusta yara biyu suka mutu, John da Elizabeth. Ran 7 ga wata maigidan ya mutu tare da wasu yara biyu, Oner da William. Ran 9 Alice, ran 10 Ann. Cikin kwana 8 uwargidan, Elizabeth Hancock, ta rasa miji da 'ya'ya 6, kuma bisa ga dokar da aka yi ita ce mai haƙa ramin, ita ce mai jan gawar zuwa wurin. An ce mutanen Stoney Middleton suna hangen ta daga kan tudu, ba mai iya zuwa ya kama mata. Ita cutar ba ta taɓa ta ba. Daga baya ta bar garin ta koma wurin ɗanta da ya ragu a Sheffield. Kaburburan suna nan a tsakiyar fili, an kewaye su da ginin dutse.

Inda gida ya mutu duka, ba mai binnewa, sai aka sami wani mahaƙin dalma mai suna Marshall Howe, wanda ya kamu da cutar ya warke, ya kuwa tabbata ba za ta sake kama shi ba. Shi ya riƙa jan gawawwaki, yana kuma biyan kansa da kayan da ya tarar a gidajen. Ba za mu ce da shi waliyyi ba, amma aikin da ya yi ba wanda ya yarda ya yi shi. A cikin watan nan matarsa da ɗansa suka mutu.

Catherine Mompesson ma ta kwanta a watan nan. Aka binne ta ran 25 ga Agusta, tana da shekara 27. Ita dai an sa ta a makabartar majami'a, kabarinta yana kusa da tsohon gicciyen nan. Wasiƙu 3 da mijinta ya rubuta sun tsira. Ɗaya ga 'ya'yansa ce, yana gaya masu mutuwar uwarsu da irin halinta. Ta biyu ga Sir George Savile, wanda ya ba shi aikin, inda ya yi ban kwana kamar mutumin da ya san kabarinsa yana kusa, ya roƙa a zaɓo wa jama'arsa mai tsoron Allah a bayansa. Ta uku ga kawunsa ce a watan Nuwamba, inda ya kwatanta garin da Golgota, ya ce cutar ta shiga gida 76.

Akwai kuma labaran da aka gada daga baki, waɗanda Wood ya tattara bayan shekara fiye da 170. Wanda aka fi sani shi ne na Emmott Sydall, budurwar da mahaifinta da ɗan'uwanta da 'yan'uwanta mata 4 suka mutu tun farkon annobar. Saurayinta Rowland Torre mutumin Stoney Middleton ne, sukan zo su tsaya a gefe biyu na kwari su hangi juna daga nesa, har ranar da ba ta zo ba. Rajista ta nuna an binne ta a ƙarshen Afrilu 1666. Sunanta da ranar tabbas ne, sauran kuwa abin da kakanni suka faɗa ne.

Mutum na ƙarshe, Abraham Morten, ya mutu ran 1 ga Nuwamba 1666. Bayan haka aka ƙone tufafi da shimfiɗu, Mompesson ya fara da nasa.

ABIN DA AKA GANO DAGA BAYA

Mutanen Eyam ba su san abin da yake kashe su ba. A zatonsu mugun iska ne, da kuma hukuncin Allah saboda zunubi. Sai a 1894 wani likita, Alexandre Yersin, ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, a 1898 kuma Paul-Louis Simond ya nuna cewa ƙuma ce take ɗauko ta daga ɓera. Yau ana warkar da ita da magani in an kama ta da wuri. A 2016 wasu masana biyu, Lilith Whittles da Xavier Didelot, suka bi rajistar Eyam gida gida. Suka lissafa cewa wajen kashi 1 cikin 4 ne suka kamu ta wurin ɓera, sauran daga mutum zuwa mutum. Suka kuma ga cewa yara da talakawa ne suka fi kamuwa. Ashe rufe majami'a da hana taron jana'iza daidai ne, ko da shi ke fastocin ba su san dalilin ba.

Sai dai dole mu faɗi ɗaya gefen. Akwai likitocin da suke ganin killace garin ya ƙara yawan mutuwa a cikinsa, tun da an tsare masu lafiya tare da cutar. Wani masanin tarihi kuma, Patrick Wallis, ya nuna a 2006 cewa shaidar da ta fito daga lokacin kanta kaɗan ce, yawancin labarin marubutan ƙarni na 18 da na 19 ne suka yi masa ado. A wancan zamani hukuma takan tsare garin da annoba ta shiga, maƙwabta kuma sukan sa masu gadi. Ana ma ba da labarin wata mata da ta sulale zuwa kasuwar Tideswell, aka gane ta, aka kore ta da jifa. A ganinmu wannan bai rushe tarihin ba. Babu soja a Eyam, tuddai ne buɗe ta kowane gefe, wanda ya so gudu da dare zai iya. Yawancinsu ba su gudu ba, cutar kuwa ba ta bazu a garuruwan kewaye ba. Bangaskiya tana ciki, tsoro yana ciki, rashin wurin zuwa yana ciki, Allah ne ya san rabon kowanne a zuciyar kowane mutum.

BAYAN ANNOBA

Mompesson ya bar Eyam a 1669, ya koma Eakring a gundumar Nottinghamshire. An ce mutanen wurin sun ji tsoronsa, suka hana shi shiga gari da farko, ya zauna a bukka, yana wa'azi a gindin itace. Ya sake aure, ya sami girma cikin ikilisiya, ya rasu a 1709. Stanley bai bar Eyam ba, a nan ya rasu a 1670, ba a mayar masa da aikinsa ba.

Da aka fara rubuta labarin, sunan Mompesson ne ya cika shi. Ɗansa George ne ya ba likita Richard Mead bayanin da ya buga a 1722, wasiƙunsa ne aka riƙa kwafa, marubuciya Anna Seward, wadda aka haifa a Eyam a 1742, 'yar faston garin ce, ita ma shi ta ɗaukaka. Da ba domin wani korarren fasto ɗan'uwansa ba, William Bagshaw, wanda ya rubuta game da shi a 1702, da an kusa manta Stanley. Bagshaw ne ya ba da labari cewa wasu sun je wurin Earl na Devonshire suna neman a kori Stanley daga garin, shi kuwa ya amsa masu cewa abin da ya fi dacewa shi ne dukan ƙasar ta gode wa mutumin, godiyar da ta wuce ta baki, saboda ya kula da garinsa ya kuma tsare maƙwabta. Haka tarihin ikilisiya yakan yi sau da yawa, wanda yake riƙe da rajista da takardu shi ake tunawa. Ba mu rage wa Mompesson kome ba, mutumin da ya binne matarsa a bakin aiki. Amma aikin na mutum biyu ne.

Garin ya sake cika. 'Yan shekaru bayan annobar iyalin Wright suka gina babban gidan da ake kira Eyam Hall. Haƙar dalma ta yi albarka a ƙarni na 18, daga baya ta mutu, mutane suka koma saƙar auduga da siliki da ɗinkin takalma, waɗannan ma suka wuce. A ƙidayar 2011 mazaunan garin 969 ne. An buɗe gidan tarihi a 1994, an kuma kafa alluna a ƙofar tsofaffin gidajen da sunayen waɗanda suka mutu a ciki.

A 1866, da annobar ta cika shekara 200, aka yi sujadar tunawa, daga nan ta zama al'ada. A Lahadin ƙarshe ta watan Agusta jama'a sukan yi jerin gwano daga majami'a zuwa Cucklett Delph su yi sujada a fili, a kuma ajiye jajayen furanni a kan kabarin Catherine. A cikin majami'a akwai kujerar Mompesson da littafi mai ɗauke da sunayen matattun. A waje kuma an kafa wa Stanley dutsen tunawa, aka rubuta a kansa ayar Littafin Ƙidaya 16:48, wadda take maganar Haruna a ranar da annoba ta faɗa wa Isra'ilawa a jeji.